Kafin A Ɗora Tsohuwar Garma A Sikeli

Da zarar an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai 'yan gwangwan su fantsama cikin ƙauyuka da kura da sikeli suna cigiyar tsohon ƙarfe. Wanda ya bi ta kasuwar Achida, ko ta Goronyo, ko ta Gandi a ƙasar Rabah, ba zai rasa ganin tsibinsu ba: fasasshiyar tukunya, da ƙashin keke, da sifirin mota, da injin ban-ruwa wanda ya buga. To, a 'yan shekarun nan garmar shanu ta yawaita cikin tsibin nan. Mai sikeli ba ruwansa da wanda ya ƙera ta, ko shekarar da ta shigo gari, kilo ya ke saye. In ya tara sai a loda a babbar mota a kai wurin narka ƙarfe, garma ta koma rodin gini.

Ba a ga laifin mai sayarwa ba. Tun wajen 2018, shekarar da aka kai hari Tabanni mutane suka gudo Gandi, satar shanu ta raba manoma da yawa na gabashin Sakkwato da bijimansu na huɗa. Garma kuwa in ba shanu nauyi ce kawai a zaure, ga iyali na jiran cefane. Amma akwai abin da ya ke tafiya tare da ƙarfen nan wanda sikeli ba ya aunawa, watau labarin garmar da kuma awon ƙirarta. Su biyun nan suna da amfani ga manomi da maƙeri da ɗan kasuwa, kuma ɗaukarsu a takarda ba ya cin fiye da yini guda.

Mutanen da suka ƙera ta

In aka tambayi dattijo wa ya yi garmar shanu ta farko da ya sani, ya kan ce ta Turawa ce, ko ya ce daga Zariya a ke kawo ta. Duka biyu gaskiya ne, amma da sauran bayani. Sunan irin garmar nan mai fukafukai biyu Emcot, kuma kamfanin da ya yi suna da ƙera ta shi ne Ransomes, Sims and Jefferies na birnin Ipswich a gabashin Ingila.

Wanda ya kafa kamfanin wani mai zubin ƙarfe ne, Robert Ransome, wanda ya buɗe maƙerarsa a Ipswich cikin 1789. Abin da ya ɗaukaka shi dabara ce da ya samu cikin 1803. Ya lura idan narkakken ƙarfe ya taɓa wuri mai sanyi ya huce da sauri, gefen nan ya kan fi sauran tauri. Sai ya riƙa zuba bakin garma ta yadda ƙarƙashinsa zai yi tauri ƙwarai, bisansa kuwa ya ɗan fi taushi. In garma na aiki ƙasa ta fi cin bisan da sauri, ƙarƙashin ya tsaya, sabo da haka bakin ba ya dakushewa, yana wasa kansa da kansa. Haka haƙorin gafiya ya ke, gabansa ya fi bayansa tauri, shi ya sa kome gwaguyar da ta yi ba ya rasa kaifi. Kafin wannan dabara manomin Ingila kullum yana hanyar maƙera kai wasa baki.

Cikin 1808 ya ƙara wata dabarar, wadda ba ta kai ta farko suna ba amma ta fi ta amfani ga mutumin ƙauye. Ya riƙa yin garma gunduwa gunduwa, ko wace gunduwa da awonta wanda ba ya sakewa, a ɗaure su da noti. In wani sashe ya karye sai a kwance shi a sa sabo nan cikin gona, ba sai an sayi garma ɗungum ba. Duk manomin da ya taɓa kwance fiffiken garma da sifana a gindin gawo, gadon wannan dabara ya ke ci, ko ya sani ko bai sani ba.

Kamfanin ya girma har ya riƙa aika garemani da injunan sussuka ƙasashen duniya. Amma kome ya yi farko yana da ƙarshe. A ƙarshen shekarun 1980 ya sayar da sashensa na kayan noma, ya rage sai injunan yankan ciyawar filin wasa, cikin 1998 kuma wani kamfanin Amurka mai suna Textron ya saye abin da ya saura. Watau yau ba mai iya rubuta wa Ipswich takarda ya ce a aiko masa da bakin garma.

Yadda ta shigo ƙasar Hausa

Cikin 1928 Ma'aikatar Gona ta fara gwada noma da shanu da manoma uku a kusa da Samaru ta Zariya. Nufinta biyu ne: mutum ya iya nome gona wadda ta fi ta hannu girma, ya kuma sami taki daga garken bijimansa. Da farko an gwada garmar itace, daga baya ta ƙarfe ta kore ta. En'e ita ke ba da bijimai biyu da garma bashi, mutum ya riƙa biya da kaka kaɗan kaɗan. Turawa kuwa ba don Allah kaɗai suka dage ba, auduga da gyaɗa su ke so su yawaita. Sunan Emcot ma an gutsuro shi ne daga sunan hukumar noman auduga ta daular Ingila, wadda ta yi gonar iri a Daudawa cikin Lardin Katsina. Abin ya tafi sannu sannu, amma kafin samun mulkin kai masu noma da shanu a Jihar Arewa sun wuce dubu goma. Daga baya kamfanin John Holt ya riƙa ƙera irin garmar nan a Zariya, shi ne asalin maganar dattawa cewa daga Zariya ta ke. Daga nan maƙeran gida suka karɓe aikin.

Me ya sa wannan garma ta zauna, alhali an kawo waɗansu iri iri ba su karɓu ba? Don ta tarad da Bahaushe yana yin kunya da garmar hannu, wadda Sakkwatawa ke ce wa galma, sai ta yi masa aikin da ya saba, ba ta ce ya sake noma ba. Tana tsaga ƙasa ta watsa ta dama da hagu, tafiya da dawowa kunya ta tashi. Da ita a ke huɗa, da ita a ke maimai a rufe ciyawa. In ƙasa ta jiƙu, bijimai kuma suna da ƙarfi, a kan yi wajen eka guda a yini.

A Wurno da Rabah da Goronyo ƙasa iri biyu ce, kowa ya sani. Akwai tudu mai rairayi, inda a ke gero da dawa da wake, nan garmar shanu ta ke sarauta. Akwai kuma fadamar gulbin Rima da ta gulbin Sakkwato, laka mai nauyi wadda in ta bushe da rani ta kan yi kamar dutse, ga saiwar ciyawa ta saƙe ta. Bijimi biyu ba su iya fasa wannan. Shi ya sa wajen 1950 Gwamnati da En'en Sakkwato suka kawo manyan taraktoci masu tafiya bisa sarƙa, waɗanda mutane ke kira tantan, su riƙa kafce fadama da rani, manomi ya biya kuɗin eka, ya watsa shinkafa ya jira ruwa. Shirin ya yi 'yan shekaru yana tashe, sa'an nan ya ja baya. A lokacin ba madatsa, gulbi shi ke da iko, wata shekara ya kawo ruwa da wuri ya nutsar da shuka, wata ya ƙi zuwa. Ga kayan gyara sai daga ƙetaren teku, ga kuɗin tafiyad da injunan ya fi abin da a ke tarawa.

Bayan wannan an yi ta kawo waɗansu. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima cikin 1973, an gama madatsar Goronyo cikin 1984. An ga jar Massey Ferguson, an ga Fiat wadda a da a ke haɗawa a Kano, da Steyr ta Bauchi. Injin ban-ruwa ɗan ƙarami da rijiyar burtsatse suka shigo fadama, suka kori jigo cikin shekaru kaɗan, har yanzu akwai samarin da ke noman albasa da tafarnuwa a Wurno waɗanda ba su taɓa jan jigo ba. Garmar shanu dai tana nan, ta ga zuwansu, ta kuma ga gawarwakin da yawa daga cikinsu a bayan ofisoshi, ciyawa ta fito ta cikin tayoyi.

Rabin labari yana Ingila

Ko da ya ke kamfanin Ransomes ya bar ƙera garma, takardunsa ba su ɓace ba. A Jami'ar Reading ta Ingila akwai gidan tarihin noma da zaman ƙauye wanda aka kafa cikin 1951, can aka tara littattafan tallan kamfanin, da zane-zanen awon kayansa, da littattafan lissafi, da hotuna. Ko wace takarda an ba ta lamba, an rubuta abin da ke cikinta a taƙaice, an kuma sa jerin a intanet, yadda ɗalibi a Sakkwato zai iya dubawa da wayarsa ya san abin da ke akwai. Ba wata gagarumar hikima ce ba, haƙuri ne da tsari: a tara, a ba lamba, a rubuta daga ina abu ya fito.

Amma wannan rabin labari ne, rabin mai ƙira da mai sayarwa. Takardun Reading ba za su faɗi wanda ya fara huɗa da shanu a Rabah ba, ko yadda maƙwabtansa suka yi masa dariya kafin su zo aro. Ba za su faɗi maƙerin da ya fara yanka fiffike daga tsohon faranti ba, ko dalilin da ya sa a waɗansu garuruwa a ke ɗaura garma ga raƙumi guda maimakon bijimi biyu. Wannan rabin yana cikin kawunan dattawa, da jikin tsofaffin ƙarafa, da 'yan takardun da gara ba ta riga ta ci ba. Uku ɗin nan kuwa kullum raguwa su ke yi.

Abin mamaki ne a ce ƙasar Sakkwato ce ta yi sakaci da wannan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna Wurno ya kuma rasu can cikin 1837, da hannunsa ya rubuta tarihin zamaninsa, malamai kuma suka bi sawunsa har zuwa kan Waziri Junaidu. An san sarakuna ɗaya bayan ɗaya, an san wane malami ya yi karatu wurin wane. Amma kayan da suka ciyad da sarakunan da malaman, ba a cika kula da su ba, sai ka ce daga sama tuwo ke faɗowa.

Kada wani ya ce wannan aikin marasa abin yi ne. Akwai misali a Mokwa. Cikin 1949 aka buɗe babbar gonar injuna can, cikin 1954 masu kuɗin suka janye da hasara. Amma wani masani, K. D. S. Baldwin, ya bi lissafinta ya buga littafi cikin 1957, har yau mai son sanin inda aka yi kuskure yana iya karantawa. Inda ba a rubuta ba kuwa, ko wane sabon shiri ya kan faro daga farko, a sake sayen injin da bai dace da ƙasar ba, a sake mantawa da kayan gyara. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ribar maƙeri da manomi

Ga riba ta kusa, wadda ba sai an jira Gwamnati ba. Yawancin garemanin da ke kasuwa yau ƙirar gida ce, kuma maƙeran sun cancanci yabo, gama ba don su ba da noma da shanu ya mutu tun ran da kamfani ya rufe. Sai dai maƙeri ya kan kwaikwayi wadda ya gani, ita ma kwaikwayo ce daga wata, wadda ita ma ta riga ta cinye kafin a auna ta. Ko wane kwaikwayo ya kan kauce kaɗan. Bayan biyar ko shida sai a sami garma mai kama da ta asali a ido, amma a gona ba haka ba.

Manomi ya kan gane da jikinsa. In bakin ya cika sunkuyawa, garma ta kan nutse, bijimai su yi ta nishi, kafin hantsi sun gaji. In ya cika kwanciya sai ta riƙa tasowa, mai riƙo ya yi ta danna hannuwa har kafaɗa ta yi tsami. In fiffike ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, garma ta kan ja gefe, kunya ta karkace, mutum ya yi ta dukan bijimin da ba shi da laifi. Yawancin waɗannan ba ciwon shanu ba ne, ciwon awo ne. Haka kuma karkiya. Ƙa'idarta, tsakanin wuyan bijimi da wuyan ɗan'uwansa ya zama ninki biyu na faɗin kunya. Mai kunya ƙafa uku yana bukatar ƙafa shida, mai kunya santimita 75 yana bukatar santimita 150. In aka gajarta karkiya don itacen ya yi kaɗan, bijimi ya kan taka kunya maimakon kwari.

To, da ko wace gunduma za ta ajiye garmar asali guda ɗaya, mai lafiya, wurin Sarkin Maƙera ko Sarkin Noma, ta zama ma'auni, da maƙeri ya sami abin komawa gare shi duk sa'ad da ya yi shakka. Da tsohuwar zuma a ke magani. Sabo da haka wanda bukata ta kama lalle sai ya sayar, ya fara kai wa maƙeri tukuna kafin mai sikeli. Maƙerin kirki ya san darajar jikin garma na asali ta wuce ta kilo, ko ba kome zai sa mata sabon baki ya sayar da ita garma.

Yadda a ke ɗaukar labarin garma

Aikin ba ya son kaya da yawa: littafin rubutu mai kauri, da fensir, da tef na awo irin na tela ko na kafinta, da waya mai hoto in akwai. Akawu, ko malamin makaranta, ko yaron da ya gama sakandare yana zaune, duk suna iya yi.

A fara da wanke ƙarfen. A goge tsatsa da burushin waya ko da tsumma da kananzir. Kada a buga da guduma don a kakkaɓe laka, gama ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa ya ke yi. A nan ne ma a ke fara rarrabewa: sassan zubi na kamfani su kan zo da haruffa ko lambobi masu tudu a jikinsu, waɗanda aka zuba tare da ƙarfen, ƙirar gida kuwa a kan ga sawun guduma da ɗinkin walda. A duba bayan fukafukai, da jikin baki, da wurin da taya ta ke. In rubutun ya dushe, sai a shimfiɗa farar takarda bisansa a goga fensir ko gawayi a kwance, haruffan za su fito. A kwafe su daidai yadda su ke, ko da ba a gane ma'anarsu ba.

Akwai kuskure guda da ya kamata a kiyaye. Lambar da ke jikin ƙarfen zubi yawanci lambar sashen ce, wadda a ke yin odar kayan gyara da ita, ba shekarar ƙira ba ce. Wanda ya ga lamba mai kama da shekara kada ya yi saurin cewa ga ranar haihuwar garma. Tarakta dabam ce, ita tana da ɗan faranti da aka buga wa lambarta ta kanta, da wannan a kan iya gano shekarar da ta fito daga kamfani. In an tarad da gawar tarakta, farantin nan shi ne abin fara nema, don shi yara su kan fara ɓamɓarewa.

Sa'an nan awo. A ajiye garma bisa daɓe mai laushi ɗaya, a auna tsawon dogon ƙarfen da kome ke ɗaure a jikinsa, da tsawon baki da faɗinsa, da buɗewar fukafukai in an tsuke su da in an buɗe su duka, da tsayin hannuwa daga ƙasa, da tsayin wurin da a ke maƙala sarƙa. A duba kuma ko tsinin baki ne kaɗai ke taɓa ƙasa, da yawan hasken da ke tsakanin daɓe da cikin garmar, don wannan ɗan hasken shi ke sa ta kama ƙasa. A rubuta ko bakin ya cinye ko sabo ne, in ba haka ba wani zai kwaikwayi cinyewar. Hoto kuwa a ɗauka ta gaba, ta gefe, ta baya, da kuma kusa da rubutun, a ajiye tef ɗin a jiki don a ga girma.

Mafi wuya kuma mafi daɗi shi ne hira da mai garma. Ba a zuwa wa dattijo da takarda a hannu kamar mai karɓar haraji. A gaisa, a zauna, a bar shi ya fara daga inda ya ga dama. Abin da a ke nema: wa ya fara mallakarta, a ina ya saya ko daga wace hukuma ya karɓa, nawa, bashi ne ko hannu da hannu, wa ya hore masa shanun, me aka sake a jikinta, kuma wane maƙeri ya sake.

Dattijo ba safai ya kan ce shekara kaza ba, amma ya kan ce kafin kaza ko bayan kaza, wannan kuwa ya isa. In ya ce Sardauna yana hakimcin Rabah, to, tsakanin 1934 ne da 1938. In ya ce shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar, 1938 ke nan, rasuwarsa kuwa 1988. Zuwan Sarauniya 1956, mulkin kai 1960, rasuwar Sardauna farkon 1966. Komawar motoci hannun dama 1972. In ya faɗi kuɗin da fam da sule, an sayi garmar kafin 1973, gama a farkon shekarar nan naira ta fito, a cikinta kuma aka yi babban fari. Na baya bayan nan su kan auna da ambaliyar 2010, wadda ta ci garuruwan bakin Rima. Sai dai a kula, akwai tsofaffin da har yau su ke ce wa naira biyu fam, sai a ƙara tambaya.

A raba abin da aka gani da ido da abin da aka ji. Awo da lamba an gani. Maganar cewa garmar wane ce ta fara shigowa gari an ji ne, kuma kusan ko wane gida mai tsohuwar garma haka zai ce. A rubuta wanda ya faɗa, da wanda shi ya ji daga gare shi, yadda malamai ke yi da ruwaya. In mutum biyu sun saɓa a rubuta duka biyu, kada mai rubutu ya zama alƙali.

'Yan kasuwa suna da nasu rabo a nan. Wanda ya gaji shagon kayan noma ya binciki adakar mahaifinsa, a kan sami rasit, da littafin bashi, da takardar talla mai hoto, wani da boko wani da ajami. Rasit guda mai kwanan wata da hatimi ya fi hirar dare uku tabbatad da shekara. A ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi da abinsa, a shawarce shi ya sa cikin akwatin ƙarfe nesa da bango, sabo da gara da ɗigar ruwa.

Akwai kashedi guda na wannan zamani. Kada a rubuta yawan shanun mutum, ko inda ya ke kwana da su, cikin abin da za a nuna wa jama'a ko a aika ta waya. Sunansa ma sai da yardarsa. Labarin garma a ke nema, ba a so a zama ɗan jagoran ɓarawo.

Inda za a kai

Littafin da ya tsaya a ɗakin mutum ɗaya yana tafiya tare da shi, waya kuma ta kan faɗa ruwa ko a sace. Sai a yi kwafi uku: ɗaya wurin mai rubutu, ɗaya a ofishin gona na ƙaramar hukuma ko fadar hakimi, ɗaya kuma a kai gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Ko wace garma a ba ta lamba da sunan gari, kamar Wurno 1, Wurno 2, lambar nan kuma a sa ta bisa takardar awo da hoto da muryar da aka ɗauka, don kada su rabu. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu neman abin bincike suna iya haɗa wannan da fayilolin Lardin Sakkwato da ke gidan ajiyar takardun Gwamnati a Kaduna, inda rahotannin ma'aikatan gona na zamanin En'e su ke, su kuma nemi zanen awon kamfani daga Reading a gwada da garemanin kasuwa.

Ba garmar kamfani kaɗai za a ɗauka ba. Galma da kalme da kwasa da sungumi, da jigo in an sami mai shi, duk a auna a rubuta, da sunan da ko wane gari ke kiransu, gama sunayen ma sun bambanta tsakanin Sakkwato da Kano.

Lokacin aikin shi ne rani, daga gama sussuka zuwa bazara, sa'ad da garemani ke gida, dattawa kuma suna da sukunin zama. In an gama awo kada a mai da garmar inda aka same ta cikin turɓaya. A shafa mata baƙin mai a baki da fukafukai da notoci, a ɗora ta bisa duwatsu biyu a inuwa, inda fitsarin dabbobi ba ya kai wa.